Tabarma a Gindin Taga

Ɗazu muna shan shayi na ji ɗayanku, wancan mai farin tabarau, yana cewa koyar da manya ai ba wani aiki ba ne, wai in dai ka san darasinka sai ka shiga ka zuba musu, mai ɗauka ya ɗauka. To, madalla. Allah Ya ba ka lafiya, ɗana. Tun da shugaban kwalejin nan ya ce in zo in yi muku hira kafin a raba muku azuzuwa, ku matso kusa, muryar ba ta kai wa baya yanzu. Ba abin da zan karanta muku. Labarin mutum guda zan ba ku, wanda ya kusa sa ni furfura tun ina saurayi.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin da ɗoriya ne, kafin a sami mulkin kai. Makarantar horon malamai ce ta ɗauke ni aiki, amma ba a cikinta nake zama ba. Da rani, in 'yan elemantare sun tafi hutu, sai a tura ni kudancin lardi in tara malaman ƙauye masu koyar da manya karatu da lissafi, in yi musu kwas. Bana Ƙanƙara, baɗi Faskari, wani lokaci Sabuwa. Ɗalibaina manoma ne da maɗinka da 'yan koli, akwai masu makarantar allo, akwai wanda ya taɓa zama elemantare ya bari. Da yawansu sun haife ni. Kowannensu yana da aji a ƙauyensu, yana koyar da magidanta da yamma bayan an taso daga aiki. Aikina in koya musu yadda ake koyarwa, a ƙarshe mai jarrabawa ya zo daga Katsina ya ga kowa ya ba da darasi, wanda ya ci a ba shi takardar shaida.

Kayan aikina duka a adaka guda suke, ɗaure a bayan keke. Akwai alli, wanda nake tattalinsa kamar gishiri, in ya ƙare mu koma farar ƙasa. Akwai silet-silet, ƙananan allunan dutse na rubutu, naɗe cikin tsohon bargo don kada gargadar hanya ta fasa su. Akwai jakar 'ya'yan tsamiya na ƙirga, da igiyar rama ta awo, da tsumman gogewa. Babban allo kuwa a can nake tarar da shi, galibi ya koɗe ya yi fari tas. Ranar farko aikina ke nan: in daka gawayi ya yi laushi, in jiƙa ƙaro, in kwaɓa, in shafe allon, in jingine shi a inuwa. In ka shanya shi a rana sai ya tsattsage. In ƙaron ya yi yawa sai ya riƙa ƙyalli, na gefen taga ba zai ga komai ba, kuma ba zai faɗa maka ba. Zai zauna yana gyaɗa kai har a tashi.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne, Malam Sambo, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai ƙaramar murya da faɗan tsiya. Na zo masa da takarduna ina ji da kaina, sai ya nuna mini ƙarshen aji ya ce in zauna can. Na daɗe a wurin nan bai bar ni na taɓa alli ba. Kullum in an tashi sai ya kira ni, ni kuma na shirya in maimaita masa abin da ya koyar. Ina! Tambayarsa ɗaya ce: "Wa bai yi magana ba yau?" Ranar farko na ce ban lura ba. Ya ce, "To mi ka zauna yi? Darasin ai ni na san abina. Mutane na sa ka kallo." Daga nan na fara lura. Sai na ga ashe kowane aji yana da mutum uku ko huɗu da ke cinye maganar duka, malami kuwa yana jin daɗinsu, ya fita yana cewa aji ya gane.

Shi ne kuma ya hana ni tambayar nan da kuke so, "Kun gane?" Ya ce babu magidancin da zai ce bai gane ba a gaban maƙwabcinsa. In kana son sani, miƙa masa alli ko 'ya'yan tsamiya ka ce ya nuna maka. In kuma ka yi tambaya, ka yi shiru ka jira, kada ka cafke hannun farko da ya tashi. Shirun yana da nauyi, na sani, sai ka ji kamar ka amsa da kanka ka huta. Ka daure. Masu nazari a hankali suke zuwa.

Da wannan idon na yi ta gano abubuwa. A Ƙanƙara na sami wani da rubutunsa ya fi na kowa muni, ashe bahago ne, tun yana yaro aka doke hannun hagun har ya ji tsoronsa. Na ce ya rubuta da wanda Allah Ya hore masa, sai ga rubutu kamar na ɗab'i. A Sabuwa akwai wani Bafillace da ke lissafi cikin harshensu a zuci sannan ya juyo da shi Hausa, kafin ya gama an wuce shi. Jira kawai yake buƙata. Wani kunnensa ɗaya ne ba ya ji, na sauya masa gefe, shi ke nan. Har na fara ganin babu shirun da zai gagare ni. Sai Allah Ya haɗa ni da Malam Haruna.

Shekarar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta cika ido ba, mutane da yawa suka tafi cin rani. Azuzuwan manya suka rage mutane, daga sama kuma aka ce za a rage yawansu. Umarnin da na zo da shi Faskari a fili yake: duk malamin da bai ci jarrabawar bana ba, za a rufe ajinsa, a ɗauke allo da silet a kai wani gari. Ɗalibai suka zo da guzuri kaɗan, wasu da garin rogo kawai. Na mai da darasi mai nauyi da sassafe, don in rana ta take ciki ba komai, ko me ka faɗa iska ce ke ɗauka.

Malam Haruna daga Ruwan Godiya ya zo. Dogo ne, siriri, bai fi ni da yawa ba a shekaru, maɗinkin hula ne. Tun kafin in gan shi na ji labarinsa, an ce ajinsa ne kaɗai a yankin da bai ragu ba duk da yunwar, har daga ƙauyukan gefe ake zuwa. Na ce to, ga wanda zai taimake ni. Ranar farko ya shigo ya wuce can lungu bayan ƙofa, ya bar benci ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai. Na yi tambaya na jira, na jira, na kira sunansa. Ya motsa baki, ban ji komai ba. Na matsa kusa. Abin da ya faɗa daidai ne, amma da wata murya kamar ta mai jinya.

Na ce baƙunta ce, za ta sake shi. Ba ta sake shi ba. Silet ɗinsa kullum ya fi na kowa tsabta da daidai, amma in na ce ya taso gaban allo sai gumi ya keto masa, ya taso a duƙe kamar mai ciwon baya, ya rubuta a can ƙasan allo, ya koma da sauri. Jarrabawar kuwa ba ta rubutu ba ce. Mutum zai tsaya a gaba, sauran 'yan kwas su zama ɗalibansa, ya yi musu tambaya, ya gyara musu kuskure, mai jarrabawa yana kallo. Wanda ba a jin muryarsa ya faɗi tun kafin ya fara. In Haruna ya faɗi, ajin Ruwan Godiya ya tafi.

Abin ya tsaya mini a rai, na shiga gwaji. Na tsaya bayansa na yi magana ƙasa-ƙasa, ya juyo, kunne lafiya. Na yi ƙaramin rubutu a allo, ya kwafe shi daidai daga lungunsa, ido lafiya. Na ce ko in'ina ce yake ɓoyewa, na tare shi a bakin rijiya muka gaisa, magana tar, har da ba'a. Na ce ko ni yake tsoro, sai na ba wani ɗalibi alli na koma baya na zauna. Duk ɗaya. Na tambaye shi kai tsaye, "Malam Haruna, lafiya kuwa? Ko wani ya ɓata maka?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ba komai." Kun san "ba komai" ɗin mutanenmu, rijiya ce mai zurfi.

Ran kasuwar 'Yankara wasu suka nemi izini za su je sayen hatsi, na ba su. Aji ya ragu. Ina cikin bayanin yadda ake koyar da rabawa, sai na ji wata murya daga lungu, garau, tana cewa, "Malam, in da ni ne ba da lamba zan fara ba. Da damin dawa zan fara, in ce 'yan'uwa uku suka gada." Na waiga. Haruna ne! Ya miƙe tsaye sosai, ashe ya fi ƙofar ajin tsawo. Ya karɓi 'ya'yan tsamiya ya rarraba, ya sa wannan ya zama wa, wancan ƙane, aji ya kaure da dariya da gardama, kafin a ankara kowa ya yi rabawa da hannunsa. Wallahi na tsaya baki buɗe. Ban taɓa ganin mai koyarwa kamarsa ba, har da ni da ake kira malaminsu.

Na kwana da murna, na ce ƙulli ya kwance. Washegari ya shigo ya koma lungunsa a ƙasa, ya sunkuyar da kai, kamar jiya mafarki na yi.

To fa. Nan na gane ba a jikinsa abin yake ba, a cikin ajin yake. Wani da ya tafi kasuwa jiya ya dawo yau. Na bi su ɗaya-ɗaya a raina. Akwai samari biyu 'yan Ƙanƙara, ba su ma san shi ba. Akwai wani mai surutu, amma shi da Haruna tare suke cin abinci. Sai Baba Ilu na Sabuwa, dattijon ajin, mai farin gemu, mai makarantar allo, wanda ya koyi boko da girma. Da na tuna shi sai wani abu ya faɗo mini: shi ma ba ya magana! Na ɗauka nauyin shekaru ne, shi ya sa ban matsa masa ba. Ga shi kullum a bencin gaba, gefen da ya fi nisa da ƙofa, bai taɓa waiwayawa baya ba.

Na sa musu ido a waje. Da azahar za a tafi masallaci, Haruna yana tafe, sai ga Baba Ilu ya ɓullo daga kwana. Haruna ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya ratse gefen hanya ya durƙusa, kansa a ƙasa. Baba Ilu ya kau da fuska, ya amsa gaisuwar yana kallon wata bishiya, ya ƙara sauri. Da aka kawo fura kuwa, Haruna ya ɗauki tasa ya zagaya bayan makaranta. Na ce a raina, kai, ni ma fa ina da suruki, kuma haka nake yi.

Da la'asar na ja Haruna gefe. Na ce, "Malam Haruna, Baba na Sabuwa, yaya kuke da shi?"

Ya shiga wasa da bakin rigarsa. Can ya ce, "Baban mai ɗakina ne, Malam. Ita ce kuma ɗiyarsa ta fari."

Tabɗi! Kunya biyu ke nan a haɗe. Na ce, "Don me ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Malam, yaya zan faɗa? In ce a fitar da shi, ko in ce ya hana ni karatu? Ban san zai zo ba, shi ma bai san zan zo ba. Sai a ƙofar aji muka haɗu." Ya ɗago ido ya dube ni. "Ka ce ran jarrabawa zan tsaya su suna zaune, in nuna mutum da hannu in ce ya amsa, in ya yi kuskure in ce ba haka ba ne. Malam, in tsaya a kansa? Gara a rufe ajin."

Na ce, "Mutanenka na Ruwan Godiya fa?"

Ya ce, "Akwai wani tsoho da ya kusa iya rubuta sunansa. Shi nake tunani."

Ku da kuka yi karatu mai zurfi, na san abin da wasunku za su ce: a kira shi a yi masa bayani cewa aji daban, gida daban. Ku gwada ku gani. Abin da aka shayar da mutum tun yana goye ba ya fita da bayani. Ni kuma ba a aiko ni in raba mutane da kunyarsu ba, an aiko ni in sa su iya koyarwa. 'Yan ajin da suka fito daga yankinsu duk sun sani, ba wanda ya ce uffan, don a wurinsu ba abin faɗa ba ne, kowa ya ɗauka ina gani.

Na sami Baba Ilu a masaukinsa yana jan carbi. Irin wannan magana ba a shigarta ta ƙofa. Na yi ta kewaye, na yabi ajin Ruwan Godiya, na ce abin takaici ne a rufe shi. Ya gane tun kafin in kai. Bai ambaci sunan Haruna ba, bai taɓa ambata ba. Ya ce, "Malam, wancan yaron yana da gaba, ni tawa ta ƙare. Gobe in ɗaure kayana in koma Sabuwa, shi ya sake."

Na ce, "Baba, in ka tafi ajin Sabuwa za a rufe. Ban zo in ceci ɗaya in kashe ɗaya ba."

Ya ce, "To ni ma fa a takure nike. Abubuwa da yawa ban gane ba, amma in buɗe baki in ce ban sani ba a gaban mijin ɗiyata? Haba, Malam."

Allah Sarki. Mutum biyu, kowa yana danne kansa don girmama ɗan'uwansa, ni kuma ina tsaye a gaba ina zuba darasi.

Na tambaye shi, "Baba, in ka je Ruwan Godiya ganin jikoki, yaya kuke yi?" Ya ce shi a zaure yake sauka, wancan yana cikin gida yana harkarsa. Na ce, "Kana jin muryarsa daga zauren?" Ya ce wani lokaci yakan jiyo ta sama-sama, ai akwai bango. Na riƙe wannan kalma, bango.

Washegari na raba ajin gida biyu, ban faɗi dalili ba. Na ce zafi ya yi yawa, rabi su zauna ciki, rabi su koma gindin tsamiya, in riƙa zagayawa. Haruna a ciki, Baba Ilu a tsamiya. Ku zo ku ga ikon Allah! Haruna ya zama kamar shi ne malamin. Baba Ilu kuwa ashe tambayoyi ne cike da cikinsa, ya hana kowa sakat. Ba su kaɗai suka amfana ba. Wasu da ban taɓa jin bakinsu ba a babban aji, da aka koma 'yan kaɗan sai suka buɗe. Tun daga shekarar ban sake yin kwas ban raba mutane ƙungiya-ƙungiya ba, kuma kafin in raba sai na bincika wa ke jin nauyin wa.

Saura jarrabawa. Ƙa'ida ta ce duk 'yan kwas su halarci darasin kowa. Mai jarrabawar ya iso a kan babur, wani babban malami mai tsare gida, ba ya son wasa da ƙa'ida. Na faɗa masa gaskiyar magana duka. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Ba zan cire kowa ba. Amma takarda cewa ta yi mutum ya halarta, ba ta ce a kan benci ba. In yana inda zai ji darasin, ni ba ruwana." Har zan fita ya ƙara da cewa, "Sai dai ka gaya wa ɗalibinka, in muryarsa ba ta kai ƙarshen aji ba, ba zan duba surukuta ba."

Da safe aka shimfiɗa wa Baba Ilu tabarma a waje, a gindin taga, ya jingina da bango, ya ba aji baya. Haruna ya shigo ya ga gurbin Baba Ilu a bencin gaba ba kowa. Ya san inda yake, amma bai dubi tagar ba. Ya yi bisimilla, muryar ta ɗan yi rawa, sannan ta zauna.

Darasin awon gona ya zaɓa. Ya sa aka ture bencina, ya ɗauki igiyar ramata ya ƙulle bakinta biyu. Ya shimfiɗa ta a ƙasa ta yi kusurwa huɗu, tsawo da faɗi ɗaya, ya zana gefenta da alli. Ya ɗauke ta ya sake shimfiɗawa a gefe, wannan karon doguwa siririya, ya zana. Ya ce, "Ga gonaki biyu. Igiya ɗaya ce ta kewaye su, kun gani da idonku. In an ce ku zaɓa, wacce ta fi girma?" Sai ya yi shiru yana jira, yadda muka koya. Aji ya yi tsit, kowa yana tsoron ya yi kuskure a gaban baƙo.

Sai ga murya daga taga, da ƙarfi: "Ɗaya suke mana! In kewayen ɗaya ne ai gona ɗaya ce!"

Baba Ilu ne. Darasin ya ja shi har ya manta da kansa. Amsar kuma ba daidai ba ce.

Duk abin da muka gina don kada a zo nan, ga shi an zo. Haruna ya daskare da alli a hannu. Mai jarrabawa ya ɗago kai yana kallonsa. In ya ce haka ne, ya koyar da ƙarya, ya faɗi. In ya ce ba haka ba ne, ya ƙaryata surukinsa a bainar jama'a. In ya yi shiru, ya faɗi.

Sai ya durƙusa a gefen zanen, kamar mai shirin aiki, ya ba taga gefensa. Daga durƙuson ya yi magana, muryarsa har ƙarshen aji. Ya ce, "An ba mu amsa daga waje, an ce ɗaya suke. Haka mafi yawan manoma za su ce, kuma da dalilinsu, don igiyar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Maganar manya ba a wuce ta sai an auna. Kowa ya kawo silet ɗinsa."

Ya sa suka jera silet a cikin gona ta farko, gefe da gefe, har ta cika. Ya ce, "To, ku kwashe waɗannan ɗin dai ku zuba a doguwar." Suka fara jerawa. Doguwar ta cika, ga mutane tsaye da ragowar silet a hannu, ba wurin sawa. Wani ya ce, "Kai!" Wani ya ce a sake, an yi kuskure. Aka sake, haka ta fito. Haruna ya bar su suna ta gardama.

Daga waje aka ce, "Mi ya faru? Ku gaya mini mana!" Kowa ya shagala da zanen. Sai ga farin gemu ya leƙo ta taga. Baba Ilu ya dubi zanen, ya dubi silet ɗin da suka rage a hannun mutane, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Doguwar ce ƙarama. Ni na yi kuskure." Ya dafe kai. "Ashe cutata aka yi a musayar gonar bakin rafi! Da ƙafa muka kewaye su!"

Aji ya fashe da dariya, har mai jarrabawa sai da ya rufe baki da hannun riga. Haruna dai yana durƙushe, kansa a ƙasa. Da dariyar ta lafa ya ce, "An riga an faɗi amsar, ba sai na ƙara ba. Wa zai gaya mana dalili?" Hannuwa suka tashi ko'ina.

Da aka tashi mai jarrabawa ya kira ni gefe ya ce, "Wa ya koya masa gyara kuskure haka?" Na ce ba ni ba ne. Da la'asar aka juya, Baba Ilu ya ba da nasa darasin, Haruna yana gindin taga, shi kam ko tari bai yi ba. Dukansu suka sami takarda. Allo bai bar Ruwan Godiya ba, bai bar Sabuwa ba.

Ran da za a watse ina ɗaure adaka a keke, Baba Ilu ya zo ya tsaya kusa da ni, yana kallon wani wuri daban. Ya ce, "Malam, tun da wancan yaron ya auri ɗiyata, ban taɓa jin abin da ya wuce 'ina kwana' daga bakinsa ba. Ashe malami gare ni a gida ban sani ba."

To, ɗana mai tabarau, gobe in ka shiga ajinka za ka ga wata ko wani a lungu ya yi shiru. Ba lalle suruki ne a ajin ba, zamani ya sauya. Amma akwai abin da ya rufe bakin, kuma ba za a faɗa maka ba. In ka fito ka tambayi kanka tambayar Malam Sambo.

Bayan damina ta zagayo na bi ta Ruwan Godiya duba azuzuwa. Na tarar da na Haruna a wata rumfa mai katangar ƙasa, cike da magidanta, tsohon nan ma ya rubuta mini sunansa a silet. Da zan tafi na zagaya baya ɗaukar keke, sai na ga tabarma naɗe, jingine a gindin taga. Na ce, "Wannan fa, ta wace ce?"

Haruna ya sunkuyar da kai, ya rage murya. Ya ce, "Ta Baba ce. Yanzu ya cika zuwa ganin jikoki."